Daga Yangoji Zuwa Kano Tsakanin Asuba da Magariba

Duk wanda ya saba bin hanyar Lakwaja daga Abuja ya san Yangoji, ko da bai taɓa tsayawa ya sha ruwan garin ba. Gari ne na manoma a bakin kwalta, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ta yankin Babban Birnin Tarayya, gaba kaɗan da garin Kwali in mutum ya nufi Abaji. Gwarawa da Ganagana da Bassa da Fulani da Hausawa duk suna zaune a wannan yanki, suna noman doya da dawa da masara da rogo. Dare da rana motocin Ikko da na sauran jihohin kudu suna ratsa garin ba ƙaƙƙautawa, har mutanen wurin sun saba da ƙugin tirela kamar yadda mazauna bakin rafi suka saba da kukan kwaɗi. Watakila wannan sabo ne ya sa da yawansu suke ɗaukar doguwar tafiya a mota abin wasa, watau a shiga, a tayar, Allah ya kai.

Ina da baffa a garin, ƙanin mahaifina, wanda ya fi shekara 20 yana sayen doya yana lodinta zuwa Arewa. A watan Disamba na 2024 sai ga shi ana jiran Baffa a Kano ran wata Asabar da ƙarfe 11 na safe, domin shi ne babban da ya rage a gidanmu, shi zai ba da auren wata marainiya, 'yar wansa da ya rasu. In bai iso ba, ko dai a ɗaga ɗaurin aure bayan an tara jama'a, ko kuwa a nemi wakili a gaggauce, abin da dangin ango za su daɗe suna faɗi. Ni aka ɗora wa tuƙi. Mu biyar ne a motar: ni da Baffa da uwargidansa, da babban ɗansa, da wata jikanyarsu 'yar shekara shida.

Tun kafin a taɓa makullin mota gardama ta tashi. Ɗan Baffa, saurayi mai jini a jika, ya ce babu dalilin da zai sa a yi asarar cinikin ran Jumma'a. A ganinsa a tashi ƙarfe 3 na daren Asabar, hanya ba kowa, a taka mota, kafin ƙarfe 9 ana shan kunu a Kano. Maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, gama yini guda a lokacin kakar doya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ya raba gardamar kuwa ba tsawa ba ce, takarda ce da fensir.

LISSAFIN HANYA

Daga Yangoji zuwa Zuba, ta Kwali da Gwagwalada da mararrabar Giri, kusan kilomita 50 ne. Daga Zuba babbar hanyar Arewa take farawa, an kuwa kasa ta uku: Zuba zuwa Kaduna wajen kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya wajen 73, Zariya zuwa Kano wajen 137. In an tara duka, tafiyar ta haura kilomita 420. Wanda ya raba wannan da gudun kilomita 80 a awa zai ce ai awa biyar ce da 'yan mintoci, kuma a nan ne mafi yawan matafiya suke ruɗin kansu, domin lissafin bai san rami ba, bai san shingen bincike ba, bai san fitsarin yaro ko salla ko tirelar da ta faɗi ta gindaye hanya ba.

Ga kuma halin da hanyar kanta take ciki. A watan Disamba na 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar sāke gina ta tun daga Zuba har Kano. Aka gama mafi yawan aikin da ke tsakanin Kaduna da Kano, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Mayu na 2023. Ɓangaren Zuba zuwa Kaduna kuwa ya yi ta jan ƙafa, har Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilarsa a watan Nuwamba na 2024, sa'an nan a 2025 aka miƙa shi ga wani kamfani domin a shimfiɗa shi da kankare. Mu mun bi hanyar ne a tsakanin sokewar da sāke bayarwar, lokacin da wurare da dama an haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya. Mai niyyar tashi yau kada ya dogara da labarina a kan wannan. Ya je tasha a Gwagwalada ko Zuba ya tambayi direbobin da suka sauko jiya, su ne suka san inda aka karkatar da hanya a wannan mako. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka muka rubuta awa ɗaya zuwa Zuba, awa uku da rabi zuwa Kaduna, awa ɗaya ta ratsa Kaduna da cin abinci, awa uku zuwa Kano, awa ɗaya ta salla da miƙe ƙafa. Awa tara da rabi ke nan. A watan Disamba gari yakan waye sosai wajen ƙarfe 6 da rabi, rana kuwa takan faɗi a Kano jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma, watau hasken da Allah ya ba matafiyi bai cika awa 12 ba. Abin da ya rage mana na ko-ta-kwana awa biyu ne kacal. Da ɗan Baffa ya ga haka a rubuce sai jikinsa ya yi sanyi, gama in an tashi ƙarfe 3 na dare, ko babu abin da ya faru, sai an shafa fatiha muna Kwanar Ɗangora.

Ban da wannan, tafiyar dare a wannan hanya tana da nata sharrin da ba ya shiga lissafi. Da dare ne manyan motoci suke fitowa, waɗansu da fitila ɗaya kamar babur, waɗansu sun lalace a tsakiyar titi ba wata alama sai ɗanyen ganye da yaron mota ya watsa a baya. Hazon hunturu yakan haɗu da hayaƙin ƙunar daji ya mai da hasken fitila kamar farin bango. In taya ta fashe, babu mai faci, in inji ya tsaya, babu bakanike, ga mace da yarinya a mota. Aka tsai da shawara a kan ran Jumma'a bayan sallar Asuba.

TUN RAN GINI

Ran Talata na kai motar gareji, ba ran Alhamis ba. Dalili kuwa shi ne, gyaran jajibiri shi ya fi kowane gyara cin amana: bakanike ya kwance abu ya mayar, wani noti bai ɗauru ba, ba kuwa za a sani ba sai an yi nisa. In an yi gyara da sauran kwana biyu ko uku, mutum ya samu damar zagayawa da motar zuwa Gwagwalada ya komo, ya duba ƙasa da safe ko wani abu ya ɗiga. Aka juye baƙin mai, aka duba man birki da takalman birki, da ruwan lagireto da fambel da kan batir, aka gwada fitilu gaba da baya. Robar share gilashi ma aka sāke ta, ko da yake ba damina ba ce, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da raɓar asuba takan zama taɓo a gilashi.

Taya ce na fi daɗewa a kanta, gama ita ce ke ɗauke da rai, ita ce kuma aka fi yi wa rowa. Mutane da yawa suna duban zanen taya kawai, in bai suɗe ba su ce sabuwa ce. Alhali kuwa roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere cikin wani ɗan zobe: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3519, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma take da ofishi a nan Yangoji, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya in ta wuce shekara huɗu daga ranar yinta a daina amincewa da ita. Tayoyin gwanjo da ake shigowa da su galibi sun ci wannan wa'adi tun a ƙasar da suka fito. Da muka duba, ɗaya daga tayoyin baya ta shekara shida, ga tsaga ƙanana a gefenta kamar faso. Na sāke ta ina ƙunƙuni, don kuɗin ya ci rabin abin da na tanada na gudummawar biki. Safaya kuma, wadda ta shekara kwance a but ba wanda ya leƙa ta, ashe babu iska a cikinta ko kaɗan. Aka ba ta iska, aka tabbata jak da sifanar taya suna nan, kuma sifanar ta yi daidai da notin. Iskar taya da safe ake aunawa tun ba ta yi zafi ba.

Sai maganar doya. Baffa ba zai shiga Kano bikin 'yarsa hannu rabbana ba, ya kuwa ware ƙwarya guda, watau doya 100, manya-manya, wai a zuba a but, abin da ya rage a ɗaure a bisa. Na ce, "Baffa, a yi mini aikin gafara, motar nan in ta ɗauki doyar nan ba za ta ɗauke mu ba." Ya yi shiru, irin shirun da manya ke yi in yaro ya faɗi gaskiyar da ba su so. Ƙaramar mota mai ɗauke da mutum biyar da akwatunansu ta riga ta kusa iyakarta. In aka ƙara mata buhunan doya sai gindinta ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birki ya ƙara nisan kamawa, tayoyin baya su yi ta ɗaukar zafi har ɗaya ta fashe. Daga bisani aka ba wani direban babbar mota, abokin cinikin Baffa, ya wuce da doyar tun ran Laraba. Guda biyar kawai muka ɗauka, don kada a ce mun zo da hannu biyu.

Mai kuwa tun ran Alhamis da yamma na cika tanki, a gidan man da na saba da shi. Mota irin tawa tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, watau lita 40 da 'yan kai kafin Kano, ban da abin da cunkoso zai ƙone a tsaye. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A lokacin tafiyarmu tana wajen naira 1,000, saboda haka man zuwa kaɗai ya tasam ma naira 45,000, na dawowa ma haka. Na ƙudura cewa in allura ta sauka rabi zan ƙara a Kaduna, ba zan jira ta kwanta ba. Jarkar fetur a but kuwa ban yarda da ita ba sam. Na haɗa lasisin tuƙi da takardun mota da na inshora a jaka ɗaya, na duba kwanan watan kowace, ga tukunyar kashe gobara, ga alamar nan mai kusurwa uku. Aka tanadi tsabar kuɗi ƙanana, domin na'urar cire kuɗi ba kullum take samun sabis a ƙauye ba. Aka cika wayoyi da caji, aka rubuta lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra a takarda, aka gaya wa mutum ɗaya a Kano cewa za a kira shi daga Zuba, da Kaduna, da Zariya, in ya ji shiru ya wuce awa guda ya nema. Inna ta dafa ƙwai, ta soya doya, ta cika gorunan ruwa. Ni kuwa na kwanta tun bayan Lisha, na bar su suna hira.

RANAR TAFIYA

Ƙarfe 6 da kwata muka hau kwalta, gari ya fara yin shaa, sanyi na ratsa riga. Baffa ya karanta addu'ar tafiya, kowa ya shafa. Mintoci kaɗan muka ratsa Kwali, garin Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda ta rasu a 1984. Gwagwalada ba ta gama farkawa ba, wannan kuwa shi ne ribar sammako ta farko, gama wanda ya iso nan bayan ƙarfe 7 zai tarar da ma'aikata masu shiga Abuja da 'yan makaranta da 'yan acaɓa sun cika gari. Muka bar hanyar filin jirgin sama a hannun dama a Giri, ƙarfe 7 da 'yan mintoci muna Zuba, motocin ayaba da lemo suna ta sauke kaya a kasuwar 'ya'yan itace.

Matafiyi Bahaushe ya kamata ya san ƙasar da yake takawa a nan. A farkon ƙarni na 19, da mutanen jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. Bayan rasuwarsa ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar kafa sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Watau tazarar da muke shirin ci daga Zuba zuwa Zariya kafin Azahar, ita ce mutanen Makau suka yi kwanaki suna ci a kan dawaki da ƙafa, da mata da 'ya'ya, abokan gaba na biye. Na gaya wa yarinyar wannan, amma hankalinta na kan Dutsen Zuma da ya tsaya a gabanmu bayan Madalla, tana neman fuskar mutum da aka ce tana jikinsa.

Gaba da nan sai mararrabar Dikko, inda hanyar Minna ta rabu. Mun wuce ta lafiya, wuri ne na tankoki da masu talla kamar kullum. Bayan 'yan makonni, ran 18 ga Janairu 2025, wata tankar fetur ta faɗi a daidai wurin, jama'a suka taru da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka hallaka. Wata uku kafin haka irin wannan ta faru a Majiya ta Jihar Jigawa, inda aka rasa fiye da mutum 150. Direban da ya hango tanka a kwance kada ya matsa kallo, kada ya tsaya kusa yana jiran a buɗe hanya. Ya ja baya iyakar iyawarsa, in kuwa ya riga ya maƙale a layi, ya kashe mota ya fitar da mutanensa su yi nisa da ƙafa, ta gefen da iska ke fitowa.

Daga Sabon Wuse da Tafa, inda tireloli ke jeruwa a kafaɗar titi kamar garke, aka shiga ɓangaren da ya fi kowane cin rai. Nan ne Jere da Katari da Rijana suke, sunayen da suka yi shekaru suna tsinka zukatan matafiya saboda masu satar mutane don kuɗin fansa. Abin ya yi tsanani har manya da ƙanana suka koma jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, sai ga shi a daren 28 ga Maris 2022 an kai wa jirgin kansa hari a wannan daji, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da 60, jirgin bai koma aiki ba sai a watan Disamba na shekarar. Mun yi tunanin jirgin, amma bai dace da mu ba: sai an kai mu Idu ko Kubwa, ya sauke mu a Rigasa, sa'an nan mu nemi motar Kano da tsofaffi da kaya. Lokacin da muka bi, sojoji da 'yan sanda suna nan a wurare da yawa, hare-haren sun ragu ƙwarai, ƙauyukan bakin hanya sun koma sayar da doya da itace da manja. Duk da haka dokokin da direbobi suka koya da tsada ban ga dalilin yar da su ba. A ratsa wurin da rana tsaka. A bi ayarin motoci, kada a ware. Kada a tsaya a dajin da ba kowa don wani ya ɗaga hannu. Babbar alama kuwa ita ce hannun da ke fuskantarka: in ka ga minti biyar, goma, babu motar da ta fito daga gaba a hanyar da ba ta rabuwa da mota, to, akwai abin da ya tare su, ka tsaya a gari na kusa ka tambaya.

Mu abin da ya tare mu ba ɗan fashi ba ne. Bayan Jere, a wurin da aka haɗe hanya, wata tirelar hatsi ta kwanta a gicciye. Kafin a ce kwabo, masu gaggawa sun buɗe layi na biyu da na uku da na huɗu, na gaba ma sun yi haka, aka yi kicibis, babu mai gaba babu mai baya. Wannan hali namu na direbobi, in ana neman abin da ya fi rami ɓata hanya, shi ne. Awa ɗaya da minti 20 muka yi a wurin. Na kashe mota don kada inji ya yi zafi, Inna ta buɗe ƙunshin ƙwai da doya, yarinya ta ci ta yi barci. Ɗan Baffa ya duba agogo ya dube ni, bai ce kome ba, ni ma ban ce ba. Cikin awa biyun da muka ajiye, saura minti 40.

Ƙarfe 12 saura muka wuce Kakau da Gonin Gora muka shiga Kaduna. Mai zuwa Kano ba shi da abin yi a tsakiyar gari. Muka bi hanyar yamma ta Nnamdi Azikiwe, muka haye kogin Kaduna, muka ɓulla Mando da Kawo. A nan aka ƙara mai, aka zaga, aka wanke fuska. Na taɓa kowace taya da tafin hannu in ji ko wata ta fi 'yan'uwanta zafi, na leƙa ƙarƙashin mota. Abinci kuwa kaɗan na ci. Tuwo ko sakwara da rana tsaka ga mai tuƙi daidai yake da maganin barci, gara shayi da burodi da ɗan goro. Daga nan na miƙa wa ɗan Baffa makulli, bisa sharaɗin allura ba za ta haura 100 ba, wanda shi ne iyakar da doka ta yanke wa ƙananan motoci na gida a babbar hanya.

Sharaɗin yana da dalili. Daga Kawo, ta Rigacikun da Mararrabar Jos da Jaji, hanya ta zama sumul kamar tafin hannu, wanda kuwa ya fito daga wahalar Jere sai zuciyarsa ta ce ya rama. Ga abin da ramuwar take sayowa. Daga Kaduna zuwa Kano wajen kilomita 210 ne. Mai gudun 100 zai yi awa biyu da minti shida, mai gudun 130 zai yi awa ɗaya da minti 37. Ribar duka ba ta kai minti 30 ba. A gudun 100 ma mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, watau in direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya yi tafiyar rabin filin ƙwallo ido rufe. Hanyar kuwa ba a daji kaɗai take ba, ta tsakiyar garuruwa take bi, inda yaro da akuya da mai kura da ɗan acaɓa mai bin hannun da ba nasa ba duk suke ganin titin nasu ne. Ramuka suna karya mota, amma sau da yawa kyakkyawar hanya ce take karya mutane.

Wajen ƙarfe 1 da rabi muka iso Zariya ta Ɗan Magaji. Jumma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma Baffa ya ce ba zai ji kiran salla a Zazzau ya wuce ba, lissafinmu kuwa ya riga ya ba da wurinta. Akwai ma wata hikima a ciki, domin a garuruwan bakin hanya sahu yakan fito har kan titi ran Jumma'a, wanda bai tsaya don salla ba zai tsaya don jira. Muka sami masallaci kusa da hanya, muka ajiye mota inda za a iya fita ba sai an jira kowa ba. Inna da yarinya suka yi Azahar raka'a biyu a gindin wata bishiya, gama tafiyar ta ninka tazarar ƙasaru, wadda malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade da mil 48, sau da yawa. Ƙarfe 2 da rabi muka haye gadar Kwangila, na karɓi tuƙi.

Wannan zango na ƙarshe shi ne na barci. Rana ta karkata, ciki ya ɗauka, mutanen baya duk sun yi shiru, ƙarar taya a kan kwalta mai laushi kamar waƙar reno. Na roƙi Baffa kada ya rufe ido, ya yi ta ba ni labari, ya kuwa buɗe bakin tarihin gidanmu tun daga kakan kakanmu, har da auren da aka fasa da gonar da aka yi shari'a a kanta. A haka muka wuce Tashar Yari, muka shiga Jihar Kano, muka wuce Kwanar Ɗangora da Ciromawa. Daga Kadawa ido ya sami abin kallo: ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari, amma nan kore shar, ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo yana bin magudanai, ga tumatir da albasa da alkama, ga kwanduna jere a bakin titi. A Kura, garin shinkafa, muka tsaya muka yi La'asar, na zuba ruwan sanyi a ka, na zagaya motar sau biyu.

Shiga Kano da yamma wani aiki ne dabam. Daga Na'ibawa, wajen 'Yan Lemo, sai a manta da gudun babbar hanya, a koma lura da 'yan adaidaita sahu da fitilun kan titi da jami'an Karota, ga gajiyar awa goma a kafaɗa. A irin wannan wuri ne, saura kilomita kaɗan a isa, direba yakan saki jiki ya goga wa wani. Na rage gudu ƙwarai har ɗan Baffa ya fara tsaki a ɓoye. Ƙarfe 5 da minti 10 muka tsaya a ƙofar gida, rana tana kan katanga, mata suka fito da guɗa suka janye Inna. Doyar Baffa tana jibge a zaure tun ran Alhamis, an ma fara taɓa ta.

Washegari ƙarfe 11 Baffa ya zauna a gaban liman cikin babbar riga, ya karɓi sadaki, ya ba da aure. Ana watsewa ɗansa ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Yaya, in mun tashi yanzu, ai kafin sha biyun dare muna gida." Baffa ya ji shi. Bai ko juyo ba ya ce a kai motar wurin mai faci a sāke auna iska, za a tashi ran Lahadi bayan Asuba.